Darasin Fasaha: Yadda Ake Ƙera Kayan Gyaran Tsofaffin Tagogi

 Kafin ku ci gaba da karatu, kowa ya tuna tagogin ajinsu. Guda nawa ne ke rufuwa ruf? Guda nawa aka ɗaure da waya ko tsumma, ko aka tokare da dutse? Idan hunturu ya kama, na kusa da taga su ne masu tari da mura. Idan damina ta sauka, feshi ya jiƙa littattafai, sai a tattara benci zuwa tsakiyar aji, darasi ya tsaya. Da dare kuwa, tagar da ba ta da sakata ita ce ƙofar ɓarawo.

Da yawa daga cikin waɗannan tagogi ba su mutu ba. Firam ɗin lafiya lau yake, sai dai wani ɗan ƙarfe da bai kai tsawon tafin hannu ba ya karye, an je kasuwa ba a sami irinsa ba. Saboda wannan ɗan ƙarfen sai a yanke shawarar fasa bango a cire taga ɗungum, a kashe kuɗin da zai isa a gyara na aji guda. Darasinmu na wannan fitowa shi ne yadda ake ƙera irin waɗannan ƙananan kaya idan sun ɓace daga kasuwa.

Tagogi iri uku

A tsofaffin gine-ginen makarantu da asibitoci da ofisoshin gwamnati, tagogi iri uku aka fi gani.

Na farko shi ne na katako mai marfi ɗaya ko biyu, ba gilashi. Kayansa ba su da yawa: hinji, sakata, ƙugiyar da ke riƙe marfi idan an buɗe, da kunnen da ake maƙala kwaɗo. Ana yawan ganinsa a azuzuwan da aka gina lokacin shirin ilimin firamare kyauta na 1976.

Na biyu shi ne na ƙarfe mai ƙananan gilasai, wanda ake turawa waje. Kamfanin da ya fi suna da shi shi ne Crittall na Ingila, wanda ya fara ƙera tagogin ƙarfe a garin Braintree a 1884, daga baya samfurin ya bazu zuwa ƙasashen da Ingila ta mulka. Kayansa su ne hinji, da hannun da ake murɗawa a kulle, da matokari, wato doguwar sandar nan mai huji-huji da ake ɗorawa a kan ɗan turke don kada iska ta buga tagar.

Na uku shi ne luba, mai fallayen gilashi a jere. Kowane falle yana zaune ne cikin ɗan maƙali a dama da hagu, duk maƙalan kuma suna haɗe da wata siririyar sanda a ɓoye cikin firam, hannu ɗaya ke juya su gaba ɗaya. Faɗin fallen yawanci inci 4 ne ko inci 6, wato milimita 102 ko 152.

Me ya sa ba a samun kayansu?

Dalili na farko, masana'antun sun daina yin samfurin, kasuwa ta koma ga tagogin alminiyam masu zamewa. Na biyu shi ne awo. An yi tsofaffin tagogin ne da awon inci, Najeriya kuwa ta koma awon mita a shekarun 1970, don haka kayan da ke kanti yau sukan saɓa da tsofaffin huji da milimita ɗaya ko biyu. A aikin ƙarfe wannan ɗan bambanci ya isa ya hana abu zama. Na uku, hannu da hinji suna da dama da hagu kamar takalmi. Ko an yi sa'a an samu a wurin masu tsofaffin kaya, yana iya zama na ɗaya gefen.

Mataki na ɗaya: gano ciwon

Kada a yi gaggawar cire komai. A buɗe tagar a hankali, a rufe, a lura da inda ta cije. Idan marfin ya sunkuya yana gogar ƙasan firam, a ɗaga shi da hannu. In ya yi wasa sama da ƙasa, fil ɗin hinji ne ya cinye, sau da yawa sabon fil da washa ɗaya sun wadatar. Idan hannu ya ƙi juyawa, mai yiwuwa fenti ne da tsatsa suka riƙe shi. A ɗiga masa kananzir da ɗan baƙin mai, a bar shi ya kwana, a gwada washegari. Wanda ya ɗauko guduma tun ranar farko shi ke mai da ƙaramin gyara babba.

A tagar katako a soka ƙusa a wurin da hinji yake zaune. Idan ta nutse ba wuya, gara ko danshi sun cinye katakon, sabon hinji ba zai kama ba sai kafinta ya yanke ruɓaɓɓen wurin ya yi masa faci.

Abin da ya karye kuma kada a yar da shi, ko gutsure nawa ya yi. A zuba shi a leda tare da sukurorinsa, a rubuta lambar aji da ta taga a jiki. Shi ne samfurin da maƙeri zai duba. In ya ɓace gaba ɗaya, sai a kwance ɗan'uwansa daga wata taga mai lafiya, a yi aro, a mayar.

Mataki na biyu: awo da zane

A nan ne darasin zanen fasaha yake amfani. A kwantar da abin a kan kwali, a bi gefensa da fensir mai tsini, a sa alamar kowane huji. Sannan a auna tsawo da faɗi da kauri da faɗin huji, a rubuta da milimita. Rula ta isa ga tsawo, amma kauri da faɗin huji sai ma'aunin nan mai muƙamuƙi biyu da ke ɗakin gwajin fiziks.

Awon da ya fi kowanne muhimmanci shi ne tazarar da ke tsakanin huji da huji, domin hujin da ke jikin firam ba ya matsawa. Ana auna ta ne daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan. Da yake tsakiyar huji iska ce, ga dabara: idan hujin biyu girmansu ɗaya, a auna daga gefen hagu na na farko zuwa gefen hagu na na biyu, amsar ɗaya ce.

A tuna inci 1 milimita 25.4 ne. Idan awo ya ba ku 6.35 ko 9.5 ko 12.7, ku san cewa da inci aka yi abin: rubu'i, da uku bisa takwas, da rabi. A ƙarshe a rubuta a jikin zanen ko na dama ne ko na hagu, a kuma faɗi daga ina aka duba, daga cikin aji ko daga waje.

Mataki na uku: wane ƙarfe ne?

Fenti yakan rufe komai, don haka sai an gwada. A kawo maganaɗisu. In ya kama, baƙin ƙarfe ne. In bai kama ba, a ɗan goga magagari a bayan abin, inda ido ba ya gani. Launin rawaya, tagulla ce. Fari mara nauyi, sanholo ne, wato alminiyam. Mai ruwan toka da nauyi, wanda bakin karayarsa ya yi tsaki-tsaki, haɗin tutiya ne, irin wanda ake yi wa hannun luba da ƙananan makullai masu araha. Shi wannan idan ya karye ba ya ɗaukar waldar da muka saba gani, sai dai a yi sabo.

Masu son tabbatarwa za su iya aunawa a ɗakin gwaji. A ɗora abin a sikeli, sannan a nutsa shi cikin kwalbar awo mai ruwa a ga yawan ruwan da ya tashi, a raba nauyi da wannan adadi. Alminiyam zai ba da kusan 2.7, tutiya kusan 7, baƙin ƙarfe kusan 7.9, tagulla kusan 8.5.

Hanya ta farko: ƙira

Tun kafin zuwan Turawa maƙera sun kasu biyu a ƙasar Hausa. Maƙeran baƙi su ne masu garma da fartanya da gatari da wuƙa. Maƙeran fari su ne masu aikin azurfa da tagulla, irin su awarwaro da kayan doki. Hinji da sakata da ƙugiya aikin maƙeran baƙi ne.

Mu ɗauki dogon hinjin tagar katako. Maƙeri zai yanko shimfiɗaɗɗen ƙarfe, a ce mai kaurin milimita 3, ya cusa bakinsa cikin gawayi, yaro na zuga, har ya wuce ja ya koma launin lemo. Sai ya ɗauko da awartaki, ya ɗora a uwar maƙera, ya naɗe bakin a jikin rodi, ya fitar da idon da fil zai shiga.

Tsawon nawa zai bari don wannan naɗi? Maƙeri yakan sani da ido, mu kuwa lissafi zai gaya mana. Idan aka lanƙwasa ƙarfe, bayansa yana miƙewa, cikinsa yana takurewa, tsakiyar kaurinsa ce ke zama kusan yadda take. Saboda haka da'irar da za a auna ita ce mai ratsa tsakiyar kaurin. In fil ɗin milimita 8 ne, kaurin ƙarfen 3, faɗin da'irar 8 da 3, wato 11. A ninka 11 da 3.142, a sami kusan 35. To, milimita 35 za a ƙara a kan tsawon hinjin. Wanda ya manta da kaurin ya ninka 8 kawai zai sami 25, idon ba zai rufe ba. Ana kuma naɗewa a kan rodin da ya ɗara fil ɗin kaɗan, don hinji ya sami wurin juyawa.

Hanya ta biyu: yanka da walda

Matokarin tagar ƙarfe da sandar cikin luba ba sa bukatar wuta. Ana yanko ƙarfe da zarto, a gyara baki da magagari, a huda. Dabarar ita ce a ɗora tsohon a kan sabon, a matse su tare, a bi ta tsofaffin huji da injin huda, ta haka tazara ba za ta kuskure ba. Kafin a huda a buga ɗan tabo da tsinin ƙarfe a wurin, don bakin injin kada ya zame.

Idan za a yi wa tagar ƙarfe walda a inda take, dole a cire gilasan da ke kusa, domin zafi da tartsatsi suna fasa su. Firam ɗin kuma siriri ne, in aka tsaya wuri ɗaya da wuta zai karkace, daga nan ba zai ƙara rufuwa daidai ba. Gwanin mai walda yakan ɗiga nan, ya ɗiga can, ya rufe tagar ya gani, sai ya tabbatar ta zauna kafin ya cike.

Maƙalin luba kuwa, idan na ƙarfe ne, daga falle ake yanko shi a lanƙwasa, a kama shi da ribiti. Kada a matse ribitin sosai, don a kansa maƙalin ke juyawa. A auna kaurin gilashin tukuna. In bakin maƙalin ya yi faɗi, gilashi zai riƙa karkarwa har ya sulluɓe. In ya matse kuma, wurin turawa ne yake fashewa a hannu.

Hanya ta uku: zubi

Hannun tagar ƙarfe yana da lanƙwasa da tudu da kwari, ƙera shi da guduma akwai wuya. Irinsa zubi ake yi. Masu zuba tukwanen sanholo da ludaya, irin waɗanda ake samu a Fanteka ta Kaduna da kasuwar Katako ta Yamai da sauran manyan garuruwa, hanyarsu ɗaya ce da wadda masana'antu ke bi. A Bida kuwa aikin tagulla sana'ar gado ce.

Ga yadda abin yake. Ana samun akwati mai hawa biyu, da yashi mai laushi wanda aka cuɗa da ɗan yumɓu da ɗan danshi, yadda in an dunƙula zai riƙe siffarsa. A danna samfurin cikin hawan ƙasa har rabinsa, a barbaɗa toka ko garin gawayi don kada hawa biyun su manne, a ɗora na sama, a cika da yashi, a daddaɓe. Sai a raba su a hankali, a zare samfurin, a fitar da hanyar da narkakken ƙarfe zai shiga da wadda iska za ta fita, a mayar a rufe, a zuba. Alminiyam yana narkewa a digiri 660, tagulla sai an kai wajen 900, shi ya sa masu zubin alminiyam suka fi yawa. Amma tagulla ta fi jure murɗa da goga, ita ta fi dacewa da hannun da ake taɓawa kullum.

Akwai abu ɗaya da ke ba masu koyo mamaki: abin da aka zuba yakan fito bai kai samfurinsa ba, saboda ƙarfe yana tsukewa idan ya huce. Alminiyam yana raguwa da kusan 1.3 cikin 100, tagulla kusan 1.5. Hannu mai tsawon milimita 150 zai rasa kusan milimita 2. Don haka in za a yi amfani da tsohon hannu a matsayin samfuri, sai a manne gutsattsarinsa da gam, a ɗan ƙara masa kauri da fenti mai yawa ko siririn kwali a wuraren da suka cinye, a kuma toshe hujinsa. Bayan an zuba ne za a huda sababbi bisa awon da ke jikin zane.

Tiredi, inda aka fi yin ɓarna

Sau da yawa sabon abu ya yi kyau, sai a zo ɗaurawa a lalata firam. A 1841 wani injiniyan Ingila mai suna Joseph Whitworth ya fito da tsarin tiredi na bai-ɗaya, kuma tsofaffin kayan ƙarfe na Ingila da shi aka fi yin su. Haƙoransa kusurwar digiri 55 gare su, na tsarin mita kuwa digiri 60. Sukurun Whitworth mai rubu'in inci kaurinsa milimita 6.35, yana da haƙora 20 a kowane inci, wato tazarar milimita 1.27. Wanda ya fi kama da shi a kanti yau shi ne mai lamba M6, kauri milimita 6, tazara milimita 1 cif. A ido kamar tagwaye. In an sa shi zai shiga zagaye ɗaya ko biyu, sai ya cije. Mai gaggawa ya ƙara ƙarfi, tiredin firam ya mutu.

Shi ya sa muka ce a adana tsofaffin sukurori. In sun ɓace, ko tiredin ya riga ya cinye, akwai mafita biyu. Ko a faɗaɗa hujin zuwa milimita 6.8 a yanka sabon tiredi na M8, in kaurin firam ya isa, ko a zarce da hujin a ɗaure da noti ta baya. A katako kuwa, in hujin sukuru ya yi faɗi, a sassaƙa ɗan guntun busasshen katako, a shafa gam, a buga a ciki, in ya bushe a sake hudawa. Cusa tsinken ashana na kwana biyu ne.

Tsatsa

Tagogin ƙarfen da aka yi kafin shekarun 1950 yawanci ba a lulluɓe su da tutiya ba, fenti kaɗai ke kare su. Tsatsa kuma ta fi ƙarfen da ta ci girma nesa ba kusa ba, don haka in ta taru a ƙarƙashin gilashi takan kumbura ta tsaga shi. Sau nawa aka hukunta ɗan aji a kan gilashin da babu wanda ya jefa? Maganin shi ne a kankare da burushin waya da samfefa har farin ƙarfe ya bayyana, a shafa jan fentin hana tsatsa a ranar, in ya bushe a bi da fentin mai sau biyu. Sabon abin da aka ƙera a fente shi gaba da baya kafin a ɗaura, domin bayansa ne ruwa ke kwanciya.

A kuma kula da haɗa ƙarafa mabambanta. Idan tagulla ta zauna a jikin alminiyam, danshi ya shiga tsakani, sukan zama kamar ɗan ƙaramin batir, alminiyam ɗin ya riƙa cinyewa. Fenti ko giris a tsakaninsu yana rage wannan. Bayan haka, ɗigon mai a kowane hinji a farkon kowane zangon karatu ya fi duk wannan aiki sauƙi. Rigakafi ya fi magani.

Gargaɗi

Aikin wuta da walda da zubi na masu sana'ar ne, ɗalibi nasa kallo da tambaya, daga nesa kuma. Kada a kalli hasken walda da ido tsirara. Narkakken ƙarfe in ya haɗu da ruwa tsalle yake yi, shi ya sa masu zubi ke busar da ludayinsu a wuta, ba sa kuma barin yashin ya jiƙe sharkaf. Hayaƙin ƙarfen da aka lulluɓe da tutiya yana sa zazzaɓi in an shaƙa. Tsohon fenti kuma yana iya ƙunsar dalma, gubar nan da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan masu haƙar zinare a Zamfara a 2010. Saboda haka in za a kankare shi a jiƙa wurin don kada ƙura ta tashi, a rufe hanci, kada a ƙona shi, a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci. Fasasshen gilashi kuma da safar hannu ake ɗaukarsa.

Aikin wannan mako

1. Kowane aji ya ba tagoginsa lamba, daga ƙofa zuwa dama. A rubuta a takarda ɗaya: lambar taga, irinta, abin da ya lalace, na dama ne ko na hagu.

2. A zaɓi abu ɗaya da ya karye, a zana shi a kwali da cikakken awo, a gwada shi da maganaɗisu.

3. Fil mai kaurin milimita 10, ƙarfe mai kaurin milimita 4. Tsawon nawa za a bari don naɗin idon hinji?

4. Ana son hannun tagulla mai tsawon milimita 200 bayan ya huce. Kusan tsawon nawa ya kamata samfurinsa ya kasance?

A miƙa takardun ga wakilin ƙungiyar 'yan jarida na kowane aji kafin ranar Juma'a. Za mu haɗa su wuri guda mu kai wa malamin fasaha, domin in aka san cewa, misali, matokari iri ɗaya ake bukata a azuzuwa da yawa, zane ɗaya zai wadatar, kuma maƙeri yakan sassauta farashi idan aikin na da yawa. Wannan jerin ne muke roƙon shugaban makaranta ya gabatar a taron iyaye da malamai kafin a yanke shawarar fasa bango. Amsoshin tambaya ta 3 da ta 4, da sunayen waɗanda suka ci, za su fito a wannan allo a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.